Na Kai Zuma Inda Ake Neman Zuma

Lokacin da saƙon ya same ni, na riga na gaji da Banyo. Garin bai yi mini komai ba, ni ne dai ba na iya zama. Tun ina gida a ƙasar Ningi mahaifina yake cewa ko a sallah ƙafata ɗaya tana waje. Shi masaƙin amya ne, kwandon ciyawar nan da ake ratayewa a bishiya ƙudan zuma su shiga. Sana'a ce ta zama da jira, ni kuwa duka biyun ba na son su. Na koya don dole, na kuma ajiye ta ranar da na sami hanyar fita.

A Banyo wani mahauci ne ya riƙe ni, Baba Sale, wanda kakansa ya zo daga Kano da fatauci bai koma ba. Da safe ina ɗaukar masa nama daga kwata zuwa kasuwa, ranar da babu yanka in hau moto, wato babur, in shiga ƙauyuka in sayo zuma wa masu shaguna. Da haka sunana ya koma Haladu mai zuma. Wata rana bayan la'asar Baba Sale ya miƙo mini wayarsa, ya ce in saurara. Muryar wani ce mai suna Bakari, dillalin bandar kifi a Garwa.

"Baba, tsohuwata ce da ke tsibiri cikin ruwan Lagdo, ita da matan wurin sun hana ni sakat, wai zuma suke so. Sun ce babu ko kaɗan a can. In akwai wanda ya san harkar a wajenku, ya kawo, za a karɓe shi hannu biyu."

Ban bari ya ƙare ba na miƙe. Gari guda babu zuma, ga ni a inda ake zuba ta a tasa kamar ruwa! Baba Sale ya ce in bari a sake kiran mutumin a ji bayani. Na ce wane bayani kuma, zuma ai zuma ce. Duk abin da na tara na juye shi a jarkoki rawaya, na ɗaure bakinsu da leda da roba.

Hanyar Banyo zuwa Tibati ba hanya ba ce, wurin gwada haƙuri ne. Motar ta fi yin tsayuwa a kan tafiya, kuma duk ramin da muka faɗa sai na leƙa ta taga in ga ko kayana na nan a sama. Na isa Ngaundere jikina kamar an yi mini dukan sakwara. A tashar da suke kira ajans, wani ɗan kamasho ya ji ina faɗa da mai ɗaukar kaya, ya matso da Hausa tsantsa, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, kai na gida ne, je ka ci abinci, ni zan loda maka." Wallahi har idona ya kawo ruwa don daɗi. Sai a Garwa na gane cewa ɗaya daga cikin jarkokin da ya loda mini baƙin man inji ne. Har yau in na ji baƙo ya kira ni ɗan'uwa a tasha, kayana nake fara dubawa.

Amma a motar nan na ga wani abin. Inda aka tsayar da mu duba takardu, jandarma ya zubo mini Faransanci, na tsaya ina kallon bakinsa. Wata mata 'yar Yagwa mai sayar da shinkafa, da ba mu ko gaisa ba, ta karɓi takarduna ta amsa masa komai, ta mayar mini. Da muka gangaro daga dutse zafi ya fara dafa mu, ta raba goran ruwanta biyu da ni. Ban tambayi sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba.

Bakari na same shi a rumfarsa cikin kwalayen kifi, mutum mai jiki, mai tsabtar riga, wanda ke magana da waya biyu a lokaci guda, ɗaya da Fulatanci ɗaya da Faransanci. Na sauke kayana ina haki. Ya kalli jarkokin, ya kalle ni. Ya buɗe ɗaya, ya tsoma yatsa, ya lasa. Sai gefen bakinsa ya fara motsi.

"Wannan ce ka kawo?"

"Ta Banyo ce, Alhaji, babu haɗi."

"Madalla," in ji shi. "Kai wa tsohuwa da hannunka. Ka ce mata na cika alkawari."

Shi ya saka ni a motar Lagdo, har ya saya mini burodi. Na tafi ina sa masa albarka.

Ni ɗan tudu ne, ban taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba. Kwale-kwale mai inji ya yi ta tsaga shi da mu, mai tuƙi yana nuna mini kunnuwan dorina kamar abin daɗi ne. Tsibirin kansa kan dutse ne da ruwa ya kasa haɗiyewa lokacin da aka tare kogin: duwatsu, 'yan kukoki, bukkokin masunta, da hayaƙin banda da ya lulluɓe komai. Tun daga nesa na hango mata a bakin ruwa. Da muka matso suka saki guɗa. Na gyara hula, na ce a raina yau Haladu ya zo inda aka san darajarsa.

Wata 'yar tsohuwa ta ratso su tana dogara guntun filafili. Ita ce Dada Asta, uwar Bakari. Ba ta kalle ni ba. Ta durƙusa da ƙyar gaban jarka, ta ɗaga hannu kowa ya yi tsit, ta kara kunnenta a jikin robar. Ta daɗe a haka. Ta matsa ga ta biyu, ta sake karawa.

"Yaro," ta ce da Hausarta mai karkata, "ba su yi magana. Sun mutu a hanya?"

Na ce su wa? Na kwance bakin jarkar don ta gani. Ta leƙa, ta ɗago, ta ce da matan kalma ɗaya, "Njumri." Wata ta fashe da dariya, ta kuma toshe bakinta da gyale da ta ga ita kaɗai ke yi.

Wani masunci Bakabe ne ya warware mini. Da Fulatanci, ya ce, abin da ake sha sunansa njumri, masu yin sa kuma nyaaki. Dada nyaaki ta ce wa ɗanta. Mu ne Hausawa muka haɗa mai harbi da mai zaƙi muka ba su suna ɗaya. Ƙudan suke so, masu rai, masu fiffike. Na tsaya a bakin ruwa da dukiyata a gabana, kwale-kwalen da ya kawo ni kuma ya riga ya juya, ba zai dawo ba sai ranar kasuwa.

A tsibirin waya ba ta kamawa sai a kan dutse mafi tsawo. Na hau shi da gudu, raina yana tafasa, na kira Bakari. Ban yi sallama ba.

"Ka sani! Ka lasa, ka yi shiru, ka turo ni!"

"Na ce zuma, ka kawo zuma," in ji shi. "Wa ya cuci wa?" Da ya ji zan haɗiye wayar sai ya sassauta. "Ka ga, malam, uwata ta tsufa. Babu dispanser, ko ɗan ɗakin magani, a wurin nan, in ciwo ya kama ta sai an nemi pirog a ƙetaro ruwa da ita. Na gina mata ɗaki a Garwa, ta ƙi, wai kabarin babana na can. Mun yi magana gaban jauro, mai garin: in ƙudan nan sun zauna a tsibirin kafin furen mangwaro ya zube, na ƙyale ta. In ba su zauna ba, ta biyo ni. Kai kuwa ka sayar da kayanka ka kama hanya."

Da ya roƙe ni, da na tafi. Amma "ka kama hanya" ɗin nan ya tsaya mini a wuya. Ni da ba a taɓa cewa in tafi ba sai dai a ce in zauna, yau wani ne zai kore ni da burodi?

Da na sauko na tarar Dada ta sa an kai jarkokina inuwa, an ajiye mini tuwo da miyar kifi. Ba ta yi mini ƙorafi ba, wannan ya fi zagi ciwo. Washegari ta ce in biyo ta. Ta nuna mini wata kuka mai baƙin kogo, ta ce da can ƙudan da ke ciki in suka tashi sai sun rufe rana. Masunta suka yi ta cusa musu wuta don su sha, suka sare bishiyoyi don banda, har aka wayi gari babu ko ɗaya. Ba wanda ya damu sai da kifi ya ja baya, mata suka koma lambu a bakin ruwa. Kabewa ta yi fure ta zubar. Kankana haka. Mangwaron da mijinta ya dasa, wanda shi mijin yake kwance a gindinsa, ya yi fari fat da fure ya tashi da 'ya'yan da ba su cika ƙwarya ba.

A lambun na ga abin da ban taɓa gani ba. Mata a sunkuye tun da sassafe, kowace ta tsinko namijin furen kabewa tana goga shi a cikin na mace. Dada ta ce, "Aure muke ɗaura musu. Ni ce waliyyi, ni ce liman. Amma gwiwa ta gaji, kuma wa zai hau mangwaro ya aurar da wannan jama'a?"

Ashe ba zaune suke ba. Matan sun kai ƙara wurin jauro, mai garin, an kafa doka: ba a sare kuka ko tsamiya, ba a kai wuta kogon bishiya, mai feshin magani a lambu ya jira rana ta faɗi. Sun dasa zogale a bayan bukkoki. A bangon ɗakin Dada akwai tsaga da ta hana a yaɓe, don rakuwa na ciki, 'yan ƙananan ƙudan nan marasa harbi, da ɗan bututunsu na danƙo a bakin ramin. Su kaɗai suka rage a tsibirin, kuma har yara sun san ba a taɓa su. Ta tsaya gabansu ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, ko a garinmu an san yadda ake kiran nyaaki.

Na ce ubana masaƙin amya ne. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

Ranar kasuwa kwale-kwale ya zo, na bi shi, amma ba Garwa na nufa ba. Na yanko gamba a gaɓa, na roƙi kashin shanu a rugar Fulani, na dawo ina wari masunta na toshe hanci. Hannuna ya tuna abin da kaina ya ƙi. Na saƙa, na yaɓe ciki, na turara da ɗoɗɗoya da kakin da na tace daga zumata. Sai na mayar da amyoyin gaɓa na rataye a bishiyoyin da ke can, don ƙuda ba za su ƙetaro wannan ruwan don kyan fuskata ba. Daga nan sai abin da na tsana, jira.

Ban taɓa shan wahala irin ta zaman nan ba. Tsibirin in ka fara zagaya shi da shayi a hannu, kafin ya huce ka dawo inda ka tashi. Na zagaya shi har yara suka sa mini suna Moto. Kifi da safe, kifi da rana, kifi da yamma. Na yi kewar miyar kuka da daddawa wadda ba ta san ruwa ba. In Bakaben nan ya kunna rediyo na ji an ambaci Bauchi, sai in tashi in bar wurin, don kada a ga fuskata. Kowane kwale-kwale ya wuce sai na bi shi da ido har ya ɓace. Jakata ban taɓa kwance ta gaba ɗaya ba.

Ƙuda suka shiga amya ɗaya lokacin da mangwaro ya fara toho. Muka toshe bakinta da asuba, muka ƙetaro da ita, muka ɗora a kukar nan. Mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada su firgita baƙi. Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, na ji ƙugi a sama. Na ɗaga kai na ga sun dunƙule, sun yi gabas a kan ruwa, ko waiwaye babu. Dada tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallo. Ta ce, "'Yan garinku ne, Haladu?"

Na ɗaure jakata a ranar. Na zauna a bakin ruwa ina jiran duk abin da zai wuce, ko da kan dorina ne. Ina nan zaune iska ta juyo da hayaƙin banda, ya shiga idona, ya wuce kaina, ya hau dutse, ya nufi kukar kai tsaye. Na bi shi da kallo. Ni kaina da ke da hanyar gudu ban iya zama cikinsa ba, balle su.

Gaban jauro aka yi ta. Da na ce sai an kwashe wuraren banda an mayar da su ɗaya gefen tsibirin, inda iska ke fita, maza suka yi caa. Wani dogon masunci ɗan Yagwa ya ce shi kifi yake ci ba ƙuda ba, kuma can gefen duwatsu ne, wa zai yi ta jidon itace da kifi a kai saboda baƙon da ko jakarsa bai kwance ba? Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Matarsa ce ta amsa masa. Ta ce tunda kifi yake ci, daga yau kifin zai ci, ba kabewa, ba kuɓewa, ba yakuwa, ta ga ranar da zai gaji. Aka yi dariya, jauro ya bar dariyar ta lafa, sannan ya ce a kwashe. Mata suka fara ɗaukar duwatsun murhu a ka. Kafin azahar kunya ta taso mazan, har da dogon, yana ɗauka yana gunaguni.

Amya ta biyu ta kama a makare, mangwaro ya riga ya yi fari. Wannan karon na ce ba inji, girgizarsa na haukata su. Dogon nan ne ya tuƙa da filafili, ni na rungume amyar a cinya, ina jin ƙuginsu a cikina, ina karanta duk abin da na haddace. Ba kukar muka kai su ba. Dada ta ce a rataye su a mangwaron mijinta.

Daga nan na daina zagaya tsibiri. Kullum ina gindin bishiyar, wuyana a sama. Mahaifina yana cewa shigar ƙuda amya ba zama ba ne. Sai ka ga suna dawowa da garin fure a ƙafafunsu, sun sa wando rawaya, sannan ka san uwarsu ta fara zuba ƙwai, sun yi gida. Namu suna fita, suna shiga, ƙafa fayau. Furen kuwa ya fara zuba a kan kabarin.

Bakari ya zo ranar kasuwa da kwale-kwalen haya. Dada ba ta yi gardama ba, alkawari ne gaban jama'a. Ta ɗaure kayanta a zane, ta ce a bar ta ta yi sallama da mai gidan. Muka bi ta, rabin tsibirin na biye da mu. Bakari ya tsaya a gindin mangwaro, ya ɗaga kai.

"Na ji waɗancan ma sun shiga, suka fita," ya ce. "Kai masani, faɗi tsakaninka da Allah. Sun zauna?"

Da na ce e, babu mai ƙaryata ni a wurin. Na ce a ba ni ɗan lokaci, na hau reshe, na kwanta a kai kusa da bakin amyar. Ɗaya ta sauka, babu komai. Wata ta sauka, babu. Sai ga wata ta zo da nauyi, ta faɗi a bakin ramin kamar mai ɗauke da kaya, ƙafafunta biyu dam da rawaya. Wata ta biyo ta. Na manta inda nake na kwarma ihu, "Sun sa wando! Wallahi sun sa wando!"

Ihun nan bai yi musu daɗi ba. Ni suka fara samu a kunne, sannan ɗaya ta sauka ta zaɓi wanda ya fi kowa ƙamshin turare. Bakari ya yi tsalle, ya dafe ido, wayoyinsa biyu suka zube. Dada ta matso, ta cire masa ƙarin ƙudan da farcenta a hankali, ta ce, "Bingel am, ɗana, wannan da ta taɓa ka, da Hausa me sunanta?"

"Zuma," ya ce cikin haƙora.

"To. Ta iso."

Aka kwashe da dariya, har shi, da ido ɗaya. Amma da dariyar ta wuce ya juyo kaina, muryarsa ta sauka, na ga ba dillali ne ke magana ba, ɗa ne.

"Yau sun zauna. Gobe fa? Wa zai duba su, wa zai duba ta? Wannan da aka ce ko jakarsa bai kwance ba? Ranar da ya tafi, su ma sun tafi, ita kuma ta rage nan da gwiwar da ba ta aiki."

Kowa ya juyo yana kallona. Kunnena na zafi, kwale-kwale na jira a bakin ruwa da wuri a cikinsa, kuma Allah ya sani ƙafata ta so shi. Na ce ina nan har a sha zumar fari. Matar dogon ta ce ita da sauran za su koyi saƙa a hannuna, kuma kwana tare da Dada a kansu yake. Bakari ya kalli kabarin ubansa. Sannan ya ɗauki ƙullin kayan uwarsa, ya mayar ɗakinta da kansa.

Da kwale-kwalen ya tashi na raka shi da ido har ya ɓace, don hali ba ya barin mutum rana ɗaya. Da na dawo na tarar Dada ta zazzage jakata a kan tabarma, ta jera 'yan riguna a igiya, jakar kuma ta cika ta da irin kabewa ta rataye a rufin ɗaki, can inda hannuna ba ya kaiwa sai na hau turmi.